Ranar da Aka Sa 'Yata Kiran Sunan Ɗan Farinta

Waɗanda ke rumfar asibitin Kiru ranar su ne ni, da 'yata, da uwar mijinta, da wasu mata biyu 'yan Dangora masu bakin ganga, sai ma'aikaciyar da aka turo daga birni, wai tana warkar da ciwon damuwa da hira.

Zazzaɓi ne ya ɗauke ɗan farin 'yata da damina. Tun daga nan ba ci, ba barci. Ni na kai ta wurin da ƙafata.

Ma'aikaciyar ta gyara zama ta ce, "Yaya sunan yaron?"

'Yata ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa. Ko yana raye ba ta taɓa kiransa ba, "yaron nan" take cewa.

Na ce, "'Yar nan, ba a yin wannan tambaya gaban uwar miji. Ja ta ɗaki ku yi ku biyu."

Ta yi murmushi. "Iya, bar ni da aikina. Wannan kunyar ce ke cinye ku."

Ta yi ta lallashi tana matsa mata har sunan ya fito. Da ya fito kuka ya biyo baya, 'yata tana birgima a tabarma tana kiransa, ɗankwali ya faɗi. Ma'aikaciyar ta ce, "Madalla, yanzu an fara samun sauƙi." Uwar mijin ta miƙe ta kakkaɓe zane, ko sallama babu.

Kafin la'asar yara na kwaikwayon kukan a bakin rijiya. Da na raka 'yata gidan mijinta, babu wanda ya amsa gaisuwarta. A gidan nan za ta zauna, ita kuwa ma'aikaciyar ta shiga mota ta tafi.

Ban yi faɗa ba. Na koma asibiti na tambayi mai shara, wannan matar wa ce? Ashe ɗan Ƙafin Maiyaki take aure, uwarsa na nan da ranta, gidan da ake ji da su.

Da gari ya waye na ɗaura zanen fita, na ƙulle goro, na hau acaɓa zuwa Ƙafin Maiyaki. Na tarar da uwar mijin ma'aikaciyar a tsakar gida da baƙi. Na gaishe ta har ƙasa, na jira aka cika, sannan na ce, "Hajiya, na zo ne in ba ki labarin aikin da surukarki ke yi."