Ɗan Acaɓa da Babur Ɗan Italiya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina acaɓa a Kano kafin a hana, kuma babu wanda ya taɓa zama da ni minti goma a Riyad bai ji wannan ba. Na faɗa wa masu tumatir a kasuwar Aziziya, na faɗa wa mai kantin layinmu, na faɗa wa kafil ɗina, wato dattijon Balaraben da nake zaune a ƙasar da sunansa, nake kuma tuƙa iyalinsa. Nakan ce na taɓa ɗauko mace da buhun masara da akuya a tafiya ɗaya, daga Dawanau har Kurna, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Gaskiya ne kuwa. Amma ni na san kaina, ko ba a yi ba da na faɗa.

Aikin direban gida ba wahala gare shi ba, cin rai ne da shi. Ka kai jikoki makaranta, ka kai uwargida kasuwa, ka zauna a mota kana jira, gilasai a rufe, motar ma ita ke sa wa kanta giya. Ƙafata ta hagu ta yi ta laluben abin takawa a inda babu komai. In na tsaya a danja na ga 'yan kai abinci suna kutsawa tsakanin motoci a kan baburansu, sai in ji kamar in buɗe ƙofa in bar musu motar a tsakiyar titi. Na ƙosa, kuma ban san da me na ƙosa ba.

A shekarata ta uku kafil ya ce in share garejin baya. Can ƙurya, ƙarƙashin tamfol, na same shi. Ja ne da ratsin baƙi, roba ta lulluɓe shi tun daga fitila har ƙasan inji, kai a sunkuye, baya a ɗage, kamar ragon da zai yi karo. Na kama shi na tura, sai ya biyo ni ba gardama, don bai kai nauyin da ido ke ba shi ba. Ƙashin jikinsa na alminiyom ne, mai faɗi, ya miƙe daga wuya har wajen tayar baya. Birkin gaba faifan ƙarfe ne kamar murfin tukunya. Na hau, na ga hannuwa suna can ƙasa, matakai suna can baya, dole sai ka kwanta a kan tanki. Abin da na fara tambayar kaina shi ne, to ina fasinja zai zauna? Ɗan wurin da suka bari a baya ko ƙullin gishiri ba zai ɗauka ba.

Kafil ya leƙo ya same ni a kai.

"Na ɗana ne, tun yana saurayi," in ji shi. "Yanzu yana Dammam, ya ajiye tumbi. Gobe sataha za ta zo ta kai shi tashlih."

Sataha ita ce motar da ke ɗaukar matattun motoci, tashlih kuma can ne ake farfasa su a sayar da ƙarfe. 

"Ya ammi, ka ba ni shi in tayar. Babur ba ya gagara ta."

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushin nan nasa. Ya ce ya ba ni sati biyu. Juma'a ta biyu za a kai shi gidan hutunsa da ke kudu da gari, inda akwai kwalta a cikin katanga, ba ruwan kowa da lasin. In ya yi gudu a gabansa, sai a bar shi can, duk Juma'a in hau abina. In bai yi ba, khalas, sataha.

Akwai wani bakanike a wani lungu na Al-Oud, Badamagare ne, ya girme ni, ya yi shekaru a wani gareji a Libiya inda irin waɗannan baburan ke tsallako teku. Da ya ga abin da na sauke masa daga bayan motar wani abokina, sai ya ajiye shayinsa ya zagaya shi sau biyu.

"Kai Bakano, ina ka sato wannan?"

Shi ya ba ni tarihinsa, yana kwance kafireta yana magana. Ya ce a Italiya doka ta yarda matashi ya hau babur in injin ƙarami ne, shi ya sa maƙeran can suka ɗauki fasalin baburan tsere suka ɗora wa ƙaramin inji, don ɗan makaranta ya ji shi ma wani ne. Girman injin daidai yake da na acaɓata, amma ƙarfinsa ya ninka ya sake ninkawa. Irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne, ruwa ke sanyaya shi, giyarsa shida. Ya ce an daina yin irinsa saboda hayaƙi, waɗanda suka gaje shi sun fi ladabi, ba su kai shi zafin rai ba.

"Wato na yara ne," na ce.

"Na yara ne. Hau mu gani."

Kwana huɗu muka yi a kansa, ina satar jiki tsakanin kai yara da ɗauko su. Muka wanke tanki, muka sa batir da fulogi, muka canza ruwa. Ranar da ya tashi, ƙararsa siririya ce mai kaifi, hayaƙi shuɗi ya cika lungun, warin nan ya mayar da ni bakin Kantin Kwari da yamma. Ban san sanda na yi dariya ba.

Na hau, na ja shi yadda na iya. Ɗaya, biyu, uku, kafin in kai ƙarshen lungu na sa giya ta huɗu. Babur ya yi ta nishi kamar mai ciwon ciki, ya yi tari, ya mutu. Muka ciro fulogi, ya yi baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Muka sa wani, na sake, ya sake mutuwa. Raina ya ɓaci, na ce wa bakaniken aikinsa ne bai yi ba, dama Badamagare ina ya san inji.

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Buji biyu ka kashe mini da rowa," in ji shi, yana nufin fulogi. "Bakano ko a kan moto sai ya yi tsimi? Wannan ba kabu-kabu ba ne. Dubi allurar nan mai auna juyin inji. Ƙasa da bakwai barci yake yi. Sai ta wuce bakwai wata 'yar ƙofa take buɗewa a bakin salansa, sannan ya farka. In ka riƙe shi a ƙasa, man da bai ƙone ba ne zai shaƙe shi."

Ya taɓa inda ke ciwo. Ɗan acaɓa ba ya murɗa totur a banza. Duk abin da ka ƙona daga tuwon gidanka ka ƙona shi. Kana tashi kake neman babbar giya, in ka samu gangara ka kashe inji ka bi ta a haka. Kunnenka kuma ya riga ya koya maka cewa in inji ya fara ihu, fistin ne ke shirin kamawa. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa barin babur ya yi ihu a ƙarƙashina ba, kuma da wannan nake alfahari.

Lungun gajere ne, ba inda za a sake shi. A tsaye dai na murɗa, allura ta haura takwas, ta haura tara, ƙarar ta tsaga kunne, na ce ai shi ke nan, na gane. Bakaniken ya ce bari ya bi mu ranar Juma'a, ya fara hawa ya buɗe masa maƙogwaro, sannan ya miƙo mini.

"Allah ya kiyaye," na ce. "Yau Badamagare ne zai koya wa Bakano babur?"

"Girman kai rawanin tsiya," in ji shi, ya koma kan shayinsa.

Sauran kwanakin ban zauna lafiya ba. Ina tuƙi ina murɗa sitiyari da hannun dama. Sau biyu na wuce kwanar makaranta. Uwargida ta tambaye ni ko ba ni da lafiya ne.

Ranar Juma'a da hantsi muka isa, ana ɗan sanyi. Kafil ya sa an shimfiɗa darduma a bakin kwaltar, ga gahawa ga dabino, ga kuma ƙannensa biyu da ban san za su zo ba. Na ji yana gaya musu, wannan direban nawa shekara goma sha ɗaya ya yi a kan dabbab, wato babur, har akuya yake ɗauka. Suka yi dariya, suka ɗaga mini hannu.

Na bar inji ya yi ɗumi, na sa hular kwano, na kwanta a kan tanki. Na ja a ta ɗaya, na sa ta biyu, na riƙe totur. Allura ta kai biyar. Shida. Ina ji yana kuka, duk jikina yana cewa canza giya, na ƙi. Allura na taɓa bakwai sai abin ya zo. Kamar an tokare ni daga baya, gaba ya yi sakayau a hannuna, katangar da ke can nesa ta taho da gudu. Ban yanke shawarar komai ba, hannuna ne ya mayar da totur da kansa.

Na juyo, na ce wannan karon sai na riƙe. Na sake kaiwa bakwai, hannun ya sake rufewa. Na uku ma ko bakwai ɗin ban kai ba. Tsoro ne, ba wani abu ba, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ko a tsakanin tireloli.  Na dawo a hankali, a babbar giya, zaune tsaye kamar mai neman fasinja, babur ya yi tari biyu ya mutu daidai gaban darduma. Na danna maɓallin tayarwa, na sake dannawa, bai tashi ba.

Kafil ya ajiye ɗan kofinsa.

"Gaya mini gaskiya, ya waladi. Aibin na dabbab ne ko naka?"

Akwai sabon fulogi a aljihuna, aikin 'yan mintoci ne. Amma in na sa, sai na sake hawa a gabansu. In kuma na ce a kira bakanike ya hau, to na faɗa da bakina cewa abin da yaran Italiya ke zuwa makaranta a kai ya fi ƙarfina. Ƙannen suna kallona, ɗaya yana tauna dabino.

"Na dabbab ne, ya ammi," na ce. "Injin ya gaji."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki wayarsa.

Sataha ta zo bayan sallar Juma'a. Direbanta ya jawo ƙugiya zai saƙala a tayar gaba, na ce ya bari, kada ya kankare masa fenti. Ya dube ni kamar mahaukaci, don ya san inda za shi da shi. Ni kaɗai na tura shi har sama, bai yi mini nauyi ba, kuma lafiyarsa ƙalau.