Bugun da Hannuna Ya Saba

Ni ba mai ilimi ba ne. Rini nake yi a masaƙa a Kakuri, kuma ni ke buga ƙararrawar cocinmu a Makera. Ƙararrawar ma ƙarfen tayar tirela ce, mun rataya a mangwaro.

Ranar Laraba ce, ba ni da aiki sai la'asar. Na sha koko, ina ɗinke takalmina a ƙofar gida. Ƙarfe tara muka hango hayaƙi ta wajen Tudun Wada. Tara da rabi wani mai keke ya wuce yana ihu, ana ƙona coci-coci.

Na ruga coci in gargaɗi mutane da ƙararrawa. A wurinmu bugun hatsari ba tsayawa, kowa ya ji sai ya gudu. Amma shekara goma sha ɗaya, duk Laraba uku-uku nake bugawa, kiran zumuntar mata. Tsoro ya rufe ni, hannuna ya yi abin da ya saba.

Mata biyar suka zo. Sun ga hayaƙin, sun ɗauka kiran addu'a ne. Mama Saratu ce a gaba, tsohuwar da ke ba da waƙa.

Goma saura kwata masu ƙone-ƙonen suka shigo layinmu. Muka faɗa ɗakin ajiya na cikin coci, bayan bagade, na sa sakata. Ƙofa ɗaya, ba taga.

Gilashi ya fashe. Muna ji ana jan benci ana tarawa.

"Kawo fetur!"

Na zauna a ƙasa. Fitsari ya zubo mini, ba zan ɓoye ba. Mama Saratu ta kama kunnena.

"Baban Ladi, buɗe bakinka."

Ta fara Addu'ar Ubangiji. Ina binta layi-layi. Tsoron bai tafi ba, amma ya saki ƙafafuna. Na ce wa Yesu, in yau ce to, amma kada ka same ni a zaune.

Ashe ƙarfen bugun yana hannuna. Bangon baya mu muka gina shi, na san inda siminti ya ƙare muka cika da laka. Nan na sara. Hayaƙi ya riga ya sauko har kafaɗa.

Goma da kwata rami ya buɗe. Na tura mata huɗu, ɗaya bayan ɗaya, suka faɗa kwatar ruwa ta bayan coci. Mama Saratu na danne da zanenta a ƙasan ƙofa, tana tare hayaƙi.

"Fita ka jawo ni."

Na fita. Na miƙa hannu. Rufin ya faɗo.

Muka bi kwata da rarrafe har layin dogo. Sha biyu ta wuce muka kai barikin soja, ƙafafunmu duk jini.

Sojan da ke ƙofa ya ce, "Ku nawa ne?"

Na ce mu shida. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya rubuta biyar.