Dogon yaron gidan Halidu

Halidu mutumin Madarunfa ne, inda gawo da tsamiya suka cika gonaki. Shekara talatin ya yi a Arlit yana tuƙa motar ma'aikatan ma'adini. In ya taso daga gida zai tafi can, da itatuwa yake gane hanya: bayan Tawa gawo ya ƙare, bayan Abalak sai ƙaya jefi-jefi cikin ciyawa, bayan Agadas kuwa sai dutse da rairayi.

Matarsa Mairamu ta kasa sabawa da gidan da babu inuwa, sai ya kawo mata dashen dogon yaro cikin gwangwanin tumatir. Ruwa na wuya a garin, don haka suka mai da gindinsa wurin alwala, su biyu, kullum. Da wannan ruwan icen ya girma har ya wuce katanga. A inuwarsa aka karɓi gaisuwar rasuwarta.

Da aiki ya ƙare, Halidu ya koma Madarunfa. Bara ya kira tsohon maƙwabcinsa Alkasum a waya, ya tambayi icen.

Alkasum ya ce, "Malam Halidu, ya bushe. Wanda ya shiga gidan a kan siminti yake alwala."