Glenys Treloar, Wadda Ta Hana Mu Juyawa Gaɓa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Col Treloar, mijin Glenys, ya kira ni a waya ya ce, "Maureen, Glenys ta tafi." Ina tsaye a tsakar gida ina shanya tufafi. Na ce masa to, na ajiye wayar, na ƙarasa shanyar, sannan na shiga mota ban san inda na dosa ba. Tun daga ranar zama ya gagare ni. In na haɗa shayi sai ya huce ban kurɓa ba. In na kwanta sai in tashi, in na tashi sai in tsinci kaina a bakin kogin Clarence ina kai da komo gaban rumfar da ƙungiyarmu ke ajiye kwalekwale. Jiya na tarar da Bev, abokiyar tuƙinmu, a can, ita ma tana zagaye. Muka dubi juna, ba wadda ta tambayi wata me ya kawo ta.

Glenys, kin rasu kina da shekara saba'in da ɗaya, kin bar miji da 'ya'ya biyu da jikoki. Kin kuma bar mata huɗu da suka rasa yadda za su yi da safiyarsu.

A bakin wannan kogin kika tsince ni, shekarar da mijina ya rasu. Kullum nakan fito da kare in zauna kan benci ina kallon ruwa. Wata safiya kika fito daga kwalekwale jiƙe sharkaf, kika tsaya a kaina kika ce, "Baiwar Allah, in kallon ruwa ne aikinki, zo ki kalle shi daga ciki. Muna neman mai dogayen ƙafafu." Na ce miki na kusa sittin, ban taɓa riƙe filafili ba. Kika ce, "To ai ke ce yarinyar cikinmu." Ba ki yi mini gaisuwar rashi ba, ba ki tambaye ni yadda nake ji ba. Kin dai zo ƙofar gidana washegari tun gari bai waye ba kina danna oda, har maƙwabta suka leƙo. Haka kika yi ta zuwa har na daina jiran ki, na koma riga ki isa rumfa.

Haka kike yi wa kowa. Da aka yi wa Lorraine, ɗaya daga cikinmu, aikin gwiwa ta ce ta bar tuƙi ke nan, ke ce kika riƙa kai ta wurin masu gashin ƙashi, kina jiran ta a mota kina cin kek ɗin kwakwar da kika ce ita kika kawo wa. Da ambaliya ta shafe gonakin rake da gidajen bakin kogi, rumfarmu ta cika da laka har gwiwa, amma kika ce rumfa ta jira. Kika kwashe mu da tsintsiya da bokiti, gida gida, muna kwashe wa tsofaffin unguwa taɓo, wasu ma sun girme mu da kaɗan ne kawai. Bakinki da kaifi, kowa ya sani. Ba a dai taɓa jin kin yanki mutum a bayan idonsa ba.

A kwalekwalenmu na mutum huɗu ke ce kike zama a kujerar farko, wadda sauran ke kallon bayanta suna bin bugun filafilinta. Mai jagora kuwa, wato wanda ke zama a can ƙarshe ba ya tuƙi, sai riƙe igiyar juya kwalekwale da ba da umarni, ba irin tsiyar da ba ki yi masa. Kikan ce, "Kaya ne mai magana." Sai ga shi bara likitoci sun gano ciwon daji a huhunki, ke da ba ki taɓa kai taba baki ba. Magani ya cinye ki, hannuwan nan da ke lanƙwasa filafili suka koma kamar sillen kara. Kika daina zuwa. Muka ɗauko Thuy, mai kantin magani, ta cike gurbi, ni kuma aka tura ni kujerarki.

Ana saura 'yan makonni gasar yanki ta ajin dattawa a garin Taree, sai ga ki a rumfa cikin rigar sanyi biyu. Kika ce ke za ki yi mana jagora.

Bev ta ce, "Ke? Kaya mai magana?"

Kika ce, "Kaya marar nauyi dai. Ku gode wa Allah, ban kai buhun dankali ba yanzu."

Col bai so ba. Ya ja ni gefe ya ce yana tsoron ruwa da iska, in kwalekwale ya kife ba ki da ƙarfin da za ki yi iyo. Gaskiya ya faɗa. Mu ma mun raba hankali biyu, Lorraine har ta ce gara mu janye daga gasar. Kika ji labari, kika tara mu da shi kika ce, "Ba izini na zo nema ba. Gado yana nan yana jira na, ba inda zai je. Kogi nake so tukuna." Col ya juya mana baya. Da ya juyo sai ya ce shi zai ja motar da ke ɗauke da kwalekwalen.

Ranar gasar iska ta tashi a kogin Manning tun safe. Aka ɗage tserenmu, aka sake ɗagewa. Muka yi ta zirga-zirga tsakanin tanti da bakin ruwa, Thuy na ɗaure takalmi tana kwancewa, Lorraine na zuwa banɗaki tana dawowa, Col na tafe da bargo a hannu yana bin ki duk inda kika yi. Ke kaɗai ce a zaune, kina tsokanar matan wata ƙungiya da suka zo da sabon kwalekwale mai ƙyalli. Kika ce wa shugabarsu, "Kyakkyawa ne. Za ku ji daɗin kallon namu daga bayansa."

Da aka sake mu, muryarki ta cika kwalekwalen ta 'yar lasifikar da ke ƙarƙashin kujerunmu. Masu tuƙi baya suke ba inda za su, don haka ni fuskarki kawai nake gani, dab da tawa. Kina kiran bugu, kina zagin Bev da ta yi gaggawa, kina cewa mun kamo na kusa da mu. Muna tsakiyar tsere sai muryar ta yanke. Na ga bakinki a buɗe, kina neman numfashi ba ya zuwa, leɓunanki sun canza launi. Waɗanda ke bayana ba su ga komai ba, shiru kawai suka ji, bugunmu ya fara wargajewa. Na yi niyyar ɗaga filafili in tsayar da mu. Kika zuba mini ido kika girgiza kai. Sannan kika saki hannu ɗaya daga igiya, kika fara dukan gefen kwalekwalen da tafinki, bugu bayan bugu. Sautin ya bi jikin kwalekwalen har can wurin Thuy. Muka haɗu a kansa. Ban san yadda kika riƙe mu a layi da hannu ɗaya cikin iskar nan ba.

Na uku muka zo. Masu sabon kwalekwale ne suka ci.

Bayan an wuce layi, ƙa'ida ita ce a juya a koma gaɓa don a ba na baya wuri. Ina haki na ce a juya maza, a kira masu ba da agaji. Numfashinki ya ɗan dawo, kika matso da kanki kusa da ni kika ce, "Kada ki juya. Ku kai ni gaba kaɗan."

Na ce, "Glenys, Col na jira."

Kika ce, "Ya saba."

Muka ci gaba da tuƙi a hankali, muka bar tutoci da tantuna a baya. Alƙalin gasa yana kiran lambarmu ta lasifika, ba mu waiwaya ba. Muka shiga inda kogin ya lanƙwasa, iska ta kwanta, shanu na kiwo a bakin ruwa. Kika ce mu ɗaga filafilai. Kwalekwalen ya yi ta sulalawa shi kaɗai. Kika jingina, kika sa yatsunki cikin ruwa, kika rufe ido. Na ji Lorraine na kuka a bayana. Ba ki buɗe ido ba kika ce, "Lorraine, kina girgiza mini kwalekwale." Da muka dawo, Col na tsaye cikin ruwa har cinya da takalmansa, bargon a kafaɗa. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauke ki kamar yarinya ya fita da ke. Ba ki sake shiga ruwa ba.

Ranar jana'izarki, 'yarki Narelle ta ce kin bar wasiyya da baki cewa mu huɗu mu kama akwatinki tare da ɗanki da surukinki. Mutane suka yi ta kallon mu, tsofaffin mata, suna tsoron kada mu kasa. Ba su san cewa kowace safiya a kafaɗa muke ɗaukar kwalekwale daga rumfa zuwa ruwa, ƙafa ɗaya, ba mai riga wata ba. Muka tsaya biyu biyu, muka kama, sai muka yi cirko-cirko, domin ke ce kullum mai cewa a ɗaga. Can sai Bev ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Hannu a kai. A ɗaga. Kafaɗa." Muka ɗaga ki, muka fita da ke daga coci ba tare da kin karkata ba.

Allah ya jiƙanki, Glenys. Ya yafe miki kurakuranki, ya saka miki da alherin da kika yi wa waɗanda ba su roƙe ki ba, ya ba ki hutun da kika ƙi yi a duniya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Col, da Narelle da ɗan'uwanta Darren, da jikokinki, da dukan 'yan ƙungiyarmu. Allah ya ba su haƙurin rashinki, ya sanyaya musu zuciya. Mu huɗun nan kuma, Allah ya kwantar mana da hankali, ya ba mu ƙarfin da za mu sake sauke kwalekwalen nan cikin ruwa.