Masu Cewa A Dakata Da Wadda Ta Ce Ku Tafi

Lokacin da masaƙar Kakuri ke aiki, ni mai duba layin saƙa ne. Idan yadi ya fito da ɓaraka, ba na tsayawa a bakin ɓarakar. Baya nake komawa har in gano inda zare ya fara kucewa. Da aka rufe masaƙar na koma gyaran keken ɗinki a Trikania, amma halin bai bar ni ba. Saboda shi ne ikilisiyarmu ta ba ni riƙon 'yan dirama, don an san ba na yarda a fara abu daga tsakiya.

Ga yadda muke yin dirama a wurinmu. Ba a rubuta wa kowa magana. Nakan tara 'yan wasa bayan sujada in faɗa musu hanyar labari, in ce wa kowa ga abin da za ka yi, shi kuma ya nemo kalmominsa da bakinsa. In an gama wasa, mai riƙon dirama yakan fito gaban labule ya faɗi darasi, ya ce wane ya yi daidai, wane ya kauce. Jama'a ba sa tashi sai sun ji wannan.

A shekarar da nake magana, makon matasa ya faɗo tsakiyar damina. Labarin da na shirya na saurayi ne mai tuƙa keke da budurwa mai koyon ɗinki. Suna son juna, suna son aure. Saurayin ya je wurin uban yarinyar, bai samu ba. Ya je wurin kawunta, bai samu ba. Ya je wurin dattijon coci, haka nan. Daga ƙarshe su biyun suka je wurin gwaggon yarinyar, ita kuma ta tura su ƙauye wurin kaka, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a gidan. A hanya suka tarar kogi ya cika. Mai fito ya ce musu ruwa ya yi yawa, suka matsa masa, ya ɗauke su, kwale-kwale ya kife. Darasin da na shirya shi ne yaro ya yi haƙuri, kada ya tsallake mataki. Har yau ban janye wannan ba.

Wanda na ba matsayin uba mijin shugabar zumuntar mata ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, kuma yana cikin kwamitin aure na cocinmu. Shi da mai yin kawu da mai yin dattijo abu ɗaya na faɗa musu: kada ku ba yaron nan yarinyar. Matsayin gwaggo kuwa na ba wata gwauruwa 'yar Filato mai sayar da gwate da tuwo a bakin titin Kakuri. Mijinta abokin aikina ne a masaƙa kafin ya rasu. Ita ce uwar 'yan mata a ikilisiya, wato kowace Asabar 'yan mata kan taru a gidanta ta koya musu girki da waƙa, ta kuma saurari abin da ba sa iya faɗa wa iyayensu. Ita ma abu ɗaya na faɗa mata: ki tura su ƙauye.

Ranar wasa komai ya tafi bisa tsari. Benci muka kifar ya zama kwale-kwale, aka riƙe shuɗɗan zannuwa ana kaɗawa suka zama kogi. Da aka zo wurin gwaggo, matar nan ta ɗaure zani a ƙirji, ta buga cinya, ta ce, "Ku tafi! Me kuke jira? Waɗannan mutanen in kun biye musu, furfura za ta riga ɗaurin aure zuwa. Jira ya ci ƙuruciyata, ba zai ci taku ba. Ku tafi!"

Coci ya ɗauki tafi da dariya. Ba a jima ba yaran suka nutse cikin zannuwa, dariya ta koma kuka. Na ga manyan mata suna share ido da bakin ɗankwali.

Na fito gaban labule zan faɗi darasi ke nan ruwan sama ya sauka a kan kwanon rufi. Aka ɗauke wuta, lasifika ta mutu. Na ɗaga murya iya ƙarfina, ko ni kaina ban ji abin da nake faɗa ba. Masu shanya a gida suka fara tashi, masu neman keke suka bi su. Haka jama'a suka watse da gawa biyu a zuciya, ba wanda ya faɗa musu laifin wane ne. Kowa ya je gida ya yanke nasa hukuncin.

Da farko abin wasa ne. Masu keke da ke cin abinci a rumfarta suka sa mata suna.

"Gwaggo Ku-tafi, yau na zama za a zuba mana ko na tafiya?"

"Ku wanke hannu tukuna, ƙazamai," in ji ta, "sannan ku tafi duk inda uwarku ta aike ku."

Bayan wannan sai 'yan matan Asabar suka fara raguwa. Wannan an aike ta Unguwar Mu'azu, waccan uwarta ba ta da lafiya. Sannan magana ta fito fili. Shugabar zumuntar mata ta kai wa fasto ƙara cewa a sauke matar nan daga riƙon 'yan mata. Hujjarta ita ce ba a rubuta mana magana a dirama, saboda haka abin da matar ta faɗa daga cikinta ya fito. Ta ce ludayi ba ya ɗebo abin da babu a tukunya. Wadda ta iya cewa "ku tafi" a gaban ikilisiya, me take faɗa wa 'ya'yan mutane a ɗaka?

Mai gwaten ta same ni a shago ina warware kan wani keken ɗinki. Ba ta zauna ba.

"Baban dirama, kai ka sa ni."

"Ni na sa ki, Mama. Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ka san ban haifi ɗiya ba. Waɗannan yaran su ne nawa. Asabar ɗin da ta wuce na dafa wake, na shimfiɗa tabarma, ni da kaji muka yini."

Na ce mata zan zo zaman da fasto ya kira, kuma zan faɗi abin da na sani bi da bi. Ban yi mata alkawarin komai ba, don ba na alkawari a kan abin da ba a hannuna yake ba.

Aka zauna ranar Lahadi bayan sujada a ƙarƙashin mangwaron bayan coci. Akwai fasto, da shugabannin mata, da 'yan wasa duka. Shugabar mata ta fara magana, kuma daga bakin kogi ta fara.

Na ce, "Mama shugaba, ki yi haƙuri. Kogi ƙarshe ne. Mu koma farko." Na juya wurin mijinta. "Yallaɓai, da yaron ya zo wurinka cikin wasa, me ka ce masa?"

Ya gyara tabarau. "Cewa na yi a dakata, sai bayan girbi."

"Wa ya ba ka wannan maganar?"

"Ba kowa. Ai ba a rubutawa."

Na tambayi mai yin kawu. Ya ce shi cewa ya yi a dakata sai an ji daga gida. Na tambayi mai yin dattijo. Ya sosa ƙeya, ya ce a dakata sai kwamiti ya zauna.

Ni kaina sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na lura da wannan. Cewa na yi kada su ba yaron yarinyar. Ban ce su ce a dakata ba. Da ɗayansu ya ce a'a, da yaron ya san inda ya tsaya. Mutum uku, kowa ya buɗe baki ba tare da shawara da ɗan'uwansa ba, kalma ɗaya ta fito, kuma ba wanda ya sa rana.

"Duk da haka," in ji shugaba, "ita ce ta tura su ruwa."

"Ƙauye na tura su, Mama," in ji matar. "Wurin kakansu. In zuwa wurin kaka ya zama laifi, to a faɗa mana mu sani."

Sai wata tsohuwa da ke zaune a kan turmi can baya, wadda ba ta cika magana a taro ba, ta ce, "Shugaba, yaron nan na Binuwai da ke kawo muku doya, girbi nawa ya gani a ƙofar gidanku?"

Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka rufe baki da zani. Kowa ya san yaron, kowa ya san 'yarsu ta fari yake nema. Mijin shugaba ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

"Ba maganar gidana aka zo yi ba, Kaka," in ji shugaba.

"To ai ke kika kawo maganar tukunya. Na ga ludayin gidanku ma ya ɗebo."

Fasto ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce mini, "Baba, darasin nan da ruwa ya cinye, faɗa mana shi yanzu."

Na miƙe tsaye, don ba a faɗin darasi a zaune. Na ce laifi na farko na yaran ne, domin an ce musu ruwa ya yi yawa suka ƙi ji. Mai fito yana da nasa, domin ya san kogi kuma ya biye wa yara. Gwaggo ma tana da ɗan nata, tun da damina ce kuma ba ta tambayi halin hanya ba. Wannan shi ne na shirya faɗa ranar wasa, kuma da na faɗe shi da a nan zan tsaya.

Na ce amma laifi daban, alhaki daban. Laifi yana wurin da yadi ya yage, kowa na iya ganinsa. Alhaki yana can baya inda zare ya fara kucewa, kuma shi kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Yaran nan sun bi matakan da aka ce su bi, na ɗaya, na biyu, na uku. A kowane mataki an tsayar da su ba a ce eh ba, ba a ce a'a ba, ba a sa rana ba. Ni mai son a bi tsari ne, amma tsari yana da ƙarshe. Wanda ya sa yaro a layi alhali ya san layin ba ya tafiya, shi ne ya kai shi bakin kogi, ko da bai taɓa ganin kwale-kwale ba. Na ƙare da cewa idan za a sauke matar nan don maganar da ta fito bakinta a dirama, to bisa tsari sai a fara da wanda ya fara magana, a sauke shi daga kwamitin aure. In an ce nasa wasa ne, nata ma wasa ne.

Na zauna. Ba wanda ya tafa, kuma ban nema ba.

Shugaba ta dubi mijinta, ta dubi fasto, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta ce, "To, tunda abin ya zama haka, a dakata da maganar tukuna."

Dariyar da aka yi a ƙarƙashin mangwaron nan har masu shara a cikin coci sai da suka leƙo. Fasto kansa ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Shugaba ba ta gane ba da farko, da ta gane sai ta dafe baki.

Mai gwaten dai ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa, sannan ta ce, "A'a, Mama. Ni ba na dakatawa. Asabar na zuwa. Ko in jiƙa wake ko kada in jiƙa. Ki ce in zauna ko ki ce in tafi, yau."

Shugaba ta juyo ta dube ta. Mace ce mai tsare girmanta, kuma ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta irin na mai 'ya'ya mata. Daga baya ta ce, "Jiƙa wakenki."

'Yan matan ba su dawo gaba ɗaya ba. Asabar ta farko kaɗan ne suka zo, sauran suka biyo baya a hankali, akwai kuma uwa ɗaya da ba ta sake barin 'yarta ta je ba har suka tashi daga unguwar. Sunan da masu keke suka sa wa mai gwaten ya zauna, tana kuma amsawa. Dirama kuwa ta ce ta yi ta ƙarshe. Da na je neman ta a wasan Kirsimeti na tarar da tsakar gidanta cike da 'yan mata suna ɓarar gyaɗa, har da ƙaramar 'yar shugaba. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce a'a, kai tsaye, ta sa aka ba ni kujera da kwanon gwate. Na ci, na yi godiya, na je na nemi wata.