Ranar da Baba Bai Buga Ƙarfe Ba

Duk garinmu sun yi kuskure a kan Baba. Ba barci ya yi ba, ba tsoro ya ji ba, kuma ba wanda ya ba shi ko sisi don ya yi shiru. Jiri ne ya kama shi. Na faɗa a bakin rijiya, na faɗa a gaban manya har muryata ta dushe, ba wanda ya saurara.

Ƙauyenmu yana tsakanin Wagini da dajin Ruma. Tun da 'yan bindiga suka matsa mana aka yi tsari: da damina, in mutane suna gona, gida-gida ake ba da namiji ya hau tsamiyar bakin gari ya yi gadi. An rataye wata tsohuwar garma a reshe. Da ya hango babura sai ya buga ta, kowa ya yar da fartanya ya gudu. Yayana yana kudu wajen neman kuɗi, don haka in layi ya zo gidanmu Baba ne ke hawa.

Jirin ya daɗe yana damunsa. Yakan zo in ya juya a shimfiɗa ko ya ɗago daga sujada. Sai ya dafe ƙasa ya runtse ido, ya ce ɗakin ne ke zagaya shi. Inna ta ce ƙarancin jini ne, ta yi ta ɗura masa zoɓo da madarar gwangwani. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a ƙeya. Baba kuwa ya hana a faɗa a waje, kada a ce yana gudun gadi.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Ya ɗaga kai zai rataye gorar ruwansa a reshen sama, sai duniya ta kife masa. Sandar bugun ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ya rungume reshe yana amai, yana jin ƙugin babura na wucewa ta ƙarƙashinsa, bai san ina ne sama ba balle ina garmar take. Suka kore shanu, suka tafi da mutum biyu daga gona. Ɗaya ɗan maƙwabcinmu ne.

Kafin a kwana biyu kalmar ta fito: infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari. A wajenmu in aka liƙa wa mutum wannan suna, ba kotu ake kai shi ba. Maza suka daina amsa gaisuwarsa. A masallaci wanda ke gefensa sai ya matsa.

Ni ba na iya zama ina kallo. Na ɗora shi a babur har asibitin Batsari, yana ta faɗa wai ina tona masa asiri. Wata ma'aikaciyar jinya ta auna jininsa ta ce lafiya lau. Ta zaunar da shi a gado, ta juya kansa gefen dama, ta kwantar da shi da sauri kansa na reto.

"Ƙanwata, zo ki ga idonsa," in ji ta.

Ƙwayar idon Baba tana fizga da kanta, ba tsayawa. Ba mahaluƙin da zai iya yin wannan da gangan.

Ta ce wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne kamar yashi a can cikin kunne suka bar mazauninsu, su ke ruɗa kai in an motsa shi. Ta bi da kansa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ta mirgina shi, ta tayar da shi zaune. "Baba, yana iya dawowa. Ban da hawa bishiya. In kuma ka ji hannu ya mutu ko baki ya karkace, wannan wani abu ne daban, ku taho nan take."

Baba ya kwana yana juyi yadda ya ga dama, ba jiri. Ni kuwa na ɗauka na samo hujja.

Da safe na ja shi ƙofar gidan mai unguwa, inda maza ke zama. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni benci, ku gani da idonku." Na kwantar da mahaifina a gaban jama'a, hularsa ta faɗi, na juya kansa kamar yadda matar ta yi. Muka jira.

Idonsa bai ko motsa ba. Ma'aikaciyar jinyar ta riga ta gyara shi.

"To malamar asibiti, mun gani," wani ya ce. "Yashi a kunne! Mu ma duk a gona muke wuni, ko ba haka ba?"

Wasu suka yi dariya. Maƙwabcinmu bai yi ba. Ya dubi Baba yana kwance, ya ce, "Ɗana dai yana daji."

Da yamma Kawu, ƙanen Inna, ya shigo bai ko zauna ba. Ya ce samarin sa-kai sun yi zama, kuma an ambaci sunan Baba. "Ke 'yar nan, bakinki ya ƙara wa abin wuta. In yaron can bai dawo da rai ba, ban san abin da zan iya tarewa ba."

Baba ya ce ba inda za shi, wanda ya gudu ya amsa laifi ke nan. Gaskiyarsa ne, haka za su ce. Su ce ɗin. Na gaya wa Inna ta ɗaure masa kaya kala biyu. Gobe kasuwa, motoci za su fita, zan kai shi wajen Gwaggo a Safana ko da ja ne, in dawo in kama noman gerona da Inna. In ya so ya yi fushi da ni a can.