Ranar da na tona wa ɗana asiri a gaban shugabanninsa

Yanzu har abin da na ci da safe ina mantawa, amma wata Laraba shekara uku da suka wuce tana nan daram a raina, kuma da ita za a kai ni kabari. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Surukata, matar ɗana, ce ke rubuta wannan, tana ta dariya tun ban fara ba.

Hawan jini ne ya ɗauke mini Malam, maigidana. Kullum sai na ce, "Malam, maganinka," ya ce, "To, in na dawo." Ranar da ya faɗi a shagonsa a Jekadafari, da aka kawo mini rigarsa, sai na tarar da ƙwayoyin a aljihu, ko ɓarewa bai yi ba. Har gobe in na tuna aljihun nan sai na yi kuka, kuma ba na ɓoyewa. Allah ya jiƙansa.

Da na fita takaba, ɗana na fari ya ɗauko ni zuwa gidansa a Tumfure. A nan na ga aikin nasa, in aiki ne. Mutum ya yi wanka, ya sa riga mai kyau, sannan ya shiga ɗaki ya zauna gaban kwamfuta har La'asar! Wai injiniyan manhaja ne, shi ke ƙera abin da ke cikin waya wanda ake latsawa. Na ce a raina, injiniya ba guduma ba ƙusa? Wani kamfani a Legas ne ya ɗauke shi gwaji na wata uku, in ya yi abin kirki a riƙe shi, in bai yi ba a sallame shi. Abin da ya zaɓa ya ƙera kuwa shi ne manhajar da za ta riƙa tuna wa tsofaffi shan magani da Hausa. Bai faɗa mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Mun san aljihun da muke tunawa.

Saura mako biyu wa'adinsa ya cika ya sa mini ita a wayata, tunda ni ma ina da hawan jinin. Ya ce, "Dada, ki gwada, duk abin da bai yi miki ba ki faɗa mini."

To, ku ji inda gizo ke saƙar. Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar hira da shi, balle ta dube shi ta ce aikinsa bai yi ba. Abin nan kuwa ban gane kansa ba ko kaɗan. In ya yi ƙara sai in kife wayar ƙarƙashin matashi, in sha maganina bayan salla yadda na saba. Kullum ya leƙo ya ce, "Dada, yaya?" sai in kau da kai in ce, "Ya yi." Shi kuma bawan Allah ya koma ɗaki yana murna, har ya shaida wa shugabanninsa cewa tsohuwar da ba ta karatu ta gwada, ba matsala ko ɗaya. Su kuwa suka ce madalla, a nuna musu ita da idonsu.

Ranar Larabar da hantsi aka zaunar da ni gaban kwamfuta. Na sha sabon mayafi, har da turare na fesa, sai daga baya surukata ta ce ai ba za su ji ƙamshin ba. Sai ga kawuna huɗu a cikin gilashi, kowa a ɗan akwatinsa kamar tantabaru. Babbarsu mace ce, kuma ta iya Hausa ras. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce in nuna musu yadda nake yi.

Wayar ta yi ƙara. Na dangwala mata babban yatsa. Shiru. Na ƙara dannawa da ƙarfi, sai hoton ya gudu, ga fuskata ta fito da ƙaton hanci. Na sake dannawa, sai na ji ana ta sallama: ashe ƙanwata na kira a Kumo! Tana ta "Adda, lafiya? Adda!" ni kuma ina cewa, "Ke, kashe, ina Legas!" Ɗana ya tsaya a bayana, ina jin numfashinsa.

Matar nan ta ce, "Mama, na haɗa ki da Allah, ki faɗa mana gaskiya. Kin taɓa amfani da shi?"

An haɗa ni da Allah, ina zan bi? Na ce, "Ko sau ɗaya." Da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Na ce abu ne ba ladabi, ba sallama ba gaisuwa, sai dai ya faɗo wa mutum da magana kamar ɗan sanda. Na ce yana cewa ƙarfe biyu, ƙarfe takwas, ni ina ruwana da ƙarfe? Ni Asuba na sani, da Azahar, da Isha'i. Na ce yana kiran sunan magani da Turanci, alhali ni ɗan ja na sani da farin nan mai tsaga a tsakiya. Na ɗaga musu yatsana na ce, "Wannan ya shekara hamsin yana daka da wanki, wurin dannawar naku kamar ƙwayar gero, ina zai same shi?"

Sai da na yi shiru na gane ɓarnar da na yi. Na ce shi ke nan, na kashe wa marayan nan aiki da bakina. Hawaye suka cika mini ido.

Sai na ji tafi. Wallahi tafi! Wani mai gemu a akwatin sama yana dariya har ya ɓace daga hoton. Matar tana ta rubutu tana cewa, "Mama, ƙara, ƙara!" Na waiga, ga ɗana ya durƙusa da biro yana rubutawa a tafin hannunsa, bakinsa har kunne. Ya ce, "Dada, lokutan salla! Wata uku ina tunani ban gano ba!" Ashe a sana'arsu wanda ya nuna maka inda aikinka ya karye shi ne masoyinka. Matar ta yi masa faɗa kaɗan, ta ce injiniya ba ya yarda da "ya yi", zama yake ya kalli hannun mai dannawa. Ta ƙara masa wata guda ya gyara.

Watan nan ni ce sarauniya. Har ɗakin aikin ake kirana, a ba ni kujera mai juyawa, in yi ta lalata abu ana gode mini. Ni da ba na haɗa ido da ɗan nawa, sai ga mu muna musu a kan girman maɓalli. Da suka rasa muryar da ta yi musu da za a sa a manhajar, suka ce in yi da tawa. An riƙe shi a aikin, yana nan har yau.

Bara ina layin ganin likita, sai wayar wani dattijo kusa da ni ta yi ƙara. Na ji an ce, "Salamu alaikum. An kira Azahar, in an idar a sha ɗan jan nan." Muryata! Dattijon ya ce, "To, Hajiya, na ji," ya laluba aljihu. Na toshe baki da mayafi ina dariya har kafaɗuna na rawa, mata suna kallona. Ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba. Shekara nawa ina faɗa wa mutum ɗaya wannan maganar yana cewa in ya dawo, yau ga baƙo ya ji ta nan take.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, amma in ta hana ka faɗa wa naka gaskiya ta zama cuta. "Ya yi" ɗina ya kusa raba ɗana da aikinsa, "bai yi ba" ne ya tsayar da shi. Yanzu in ya leƙo ya ce, "Dada, yaya?" har yanzu ba na kiran sunansa, amma sai in ce, "Jawo kujera, da gyara."